Kunnen Zakkur

Ni baduku ne. Sunana Akbor, amma a Bet-Eshel ba wanda ya taɓa kirana da shi sai uwata da alƙali. Kowa Ɓera yake ce mini. Shagona yana cikin zauren ƙofar gari, daura da dakalin da dattawa ke zama su yi shari'a, saboda haka shekara talatin na yi ina ɗinkin takalma da salka, kunnena yana shan hukuncin mutane. Ban yi karatu ba, amma na san doka yadda kare ya san mahauta.

Ban da ɗinki akwai wani aiki da ake kirana na yi. Dokar bawa ɗan ƙasa sananniya ce: shekara shida yana bauta, a ta bakwai ya fita, ubangidansa ya sallame shi da tunkiya da hatsi da ruwan inabi. In kuwa bawan ya ga zaman ya yi masa, sai ya tsaya gaban dattawa ya faɗa da bakinsa cewa ubangidansa yake so, ba inda za shi. Daga nan a kai shi gidan ubangidan, a jingina kunnensa da madogarin ƙofa, a soke da basilla har ta shiga itace. Shi ke nan, ya zama na gidan sai mutuwa. A da ubangida ne ke sokewa da hannunsa. Manyan garinmu ba sa son jini a riga, sai aka bar wa mai basilla.

Aikin ba wuya. Ka shafa wa basilla mai, ka danne fatar kunnen da babban yatsa, ka buga sau ɗaya. Kana zarewa ka cusa zaren ulu da ka tsoma a mai da gishiri, don kada hudar ta toshe. Ban taɓa huda kunne ya ruɓe ba. Ban taɓa huda kunne ya toshe ba.

A cikin duk waɗanda na huda wa kunne, mutum biyu ne kawai suka faɗi maganar da bakinsu. Na farko wani tsohon makiyayi ne da ba shi da kowa, tun ina saurayi. Sauran duk shiru suka yi, domin Zakkur, babban alƙalinmu, ya kawo fassarar cewa shiru ma amsa ce. Ana tsayar da mutum gaban gemu goma, ga matarsa da 'ya'yansa a gefe hannun barorin gida, a tambaye shi, ya dubi ƙasa, a ce ya yarda. Gidan Zakkur kansa ya fi ko'ina cin wannan fassara. Madogarin ƙofarsa ya cika da 'yan ramuka, wannan a sama wannan a ƙasa, kowane daidai tsawon mai shi.

Gaddiyel ya shiga gidan Zakkur shekarar fara. Gaddi muke ce masa. Mutumin ƙauyen Gibat ne, tafiyar wuni guda a kan tudu, kuma ba wanda ya kai shi sanin kurangar inabi a yankinmu. Yakan dubi reshe ya ce wannan zai yi 'ya'ya baɗi, wannan ƙarya yake yi, a sare. Gonar Zakkur ta ninka a hannunsa. Shi kuwa ba abin da yake magana a kai sai 'yar gonar ubansa da ke Gibat, wadda uwarsa ke riƙe masa da ƙyar. Duk wanda ya zauna kusa da shi ya san saura kaka nawa ya koma.

Ana saura mako uku shekarunsa su cika, uwar ta zo shagona. Abihayil, gajeriyar tsohuwa mai baki kamar aska. Ta jefo mini igiya mai ƙulli biyu.

"Ɓera, ga ƙafar ɗana. Kada ka rage. Na san halinku dukawa, ku saci fata ku ce ƙafa ce ta yi girma."

"Inna, wannan ƙafar mutum ce ko ta raƙumi?"

"Ta wanda zai taka ƙasar ubansa ce. Ka yi ɗinki biyu, hanyar Gibat duwatsu ne."

Ta ajiye mini kwandon busasshen ɓaure ta tafi. Na zaɓi fatar sa mai kauri na yi takalman, na rataye su a ƙusa.

Ana gobe za a sallami Gaddi, baran Zakkur ya kawo mini cinyar rago, ya ce maigida ya ce in zo da basilla. Na dubi cinyar, na dubi takalman. Matata Hogla ta dafa ta da albasa, muka ci. Kowa ya ci ladan kuturu ai ya san sauran zancen.

Da safe, kafin dattawa su zauna, Nedabiya mai gishiri ya iso da jakunansa uku. Shi ke kawo mini gishirin jima daga Tekun Gishiri. Siririn mutum ne, leɓunansa kullum a tsage. Shekara biyu ke nan da ya fara tsayawa a kasuwa yana cewa Ubangiji ya ce kaza, kuma ba don yana so ba, don ya taɓa faɗa mini maganar tana zama masa kamar tsakuwa a takalmi, sai ya fitar yake iya tafiya. Annabawa na gaske, a wajen mutanen garinmu, su ne masu ci a teburin Zakkur, masu tsabtar riga, masu cewa lafiya lau. Shi wannan annabin jakuna ake ce masa.

"Annabi, yau me aka ce? Gishiri zai yi tsada?"

"Riƙe mini buhun nan, Ɓera, bakinka ya huta."

Dattawa suka zauna. Da aka kira maganar Gaddi, Zakkur ya miƙe ya ce bai dace mutum ya yi shari'ar gidansa ba. Ya matsa gefe kamar taƙi ɗaya ya sake zama. Aka tsayar da Gaddi dab da bakin shagona. Uwarsa tana can ƙetaren zaure riƙe da jaki. Wani dattijo ya tambaye shi ko zai fita ko zai zauna.

Gaddi bai dubi ƙasa ba. Ya ce, "Ranku ya daɗe, na cika shekaruna. Gida za ni. Ga uwata can tana jira."

Kowa ya ji. Har masu tallar albasa a waje sun ji. Dattawa suka shiga gyaran bakin riga. Zakkur ya kai hannu bayan kunnensa.

"Tsufa ya taɓa mini kunne. Akbor, kai ne kusa da shi. Me ya ce?"

Shagon da nake zaune a ciki na gari ne, Zakkur ke cewa wa zai zauna. Salkunan masu tsaron ganuwa da ɗamarunsu, shi ke cewa wa zai ɗinka. Ban yi dogon tunani ba. Da ma mutum ba ya yin dogon tunani a irin wannan wuri, sai daga baya.

Na ce, "Ya ce gidan ya yi masa. Ubangidansa yake so."

Dattawa suka gyaɗa kai, aka tashi.

Barori biyu suka riƙe shi har ƙofar gidan, amma bai yi kokawa ba. Shi da kansa ya jingina kunnen. Ina shafa wa basilla mai ya yi magana a hankali, ni kaɗai na ji.

"Ɓera, ka gama takalman?"

"Na gama."

"To."

Na buga sau ɗaya, na zare, na cusa ulu.

Ashe Nedabiya ya biyo mu. Ya ratsa mutane ya zo ya tsaya gaban madogarin, ya rinƙa sa yatsa a ramukan ɗaya bayan ɗaya, daga ƙasa zuwa sama. Bai ɗaga murya ba, kamar mai faɗin farashi yake magana.

"Ubangiji ya ce: na zo ƙofar nan na tarar an auna mini tsawon mutanena a jikin itace. Ku da na ba dakali ku raba gaskiya, kun mai da shi wurin fiɗa. Na ji abin da mutumin nan ya faɗa, ni kunnena bai tsufa ba. Zan kawo muku mutanen da ba sa jin harshenku. Za ku tsaya gabansu ku yi magana, wani ya faɗa musu abin da ya ga dama. Ƙofar nan za ta shiga wuta, madogarin zai tsaya, domin akwai sauran huda ɗaya a jikinsa."

Zakkur ya ce, "Rana ta bugi mai jakuna. Ku kai shi inuwa." Inuwar ita ce turu, gungumen da ake maƙale ƙafar mai laifi a ciki, a bakin kasuwa, kwana biyu. Da zan wuce ta wurin na tsaya kamar ina gyara igiyar takalmina.

"Ni fa, annabi? Me aka ce a kaina?"

Ya ɗago ya dube ni. "Ba a ce mini komai a kanka ba."

Daga ranar na koma sayen gishiri a hannun wani. Mutum mai shago a ƙofar gari ba ya hulɗa da wanda ya fito daga turu.

Abihayil ba ta yi kuka ba. Ta tsaya da jakinta har aka watse, ta juya ta tafi, ba ta biyo ta kan takalman ba. Bayan shekara biyu ta rasu, lokacin tsinkar inabi. Sai da aka gama matsa aka faɗa wa Gaddi. Ya daina maganar Gibat. In aiki ya biyo da shi ta ƙofar gari yakan ce mini sannu da aiki, in ce yauwa, ya wuce.

Shekara huɗu bayan hudar, Kaldiyawa, rundunar Babila, suka zo. Sarkinmu a Urushalima ya yi musu alkawari ya saɓa, mu kuma muna kan hanya. Suka kewaye Bet-Eshel wata biyar. Ba ni da abin faɗa mai yawa a kan wannan. An ci tumaki, an ci jakuna, har na Nedabiya, wanda tarkon ya rufe da shi a cikin gari. An ƙona ƙofofin gidaje an yi girki. Daga baya mata suka rinƙa zuwa shagona roƙon guntayen fata su dafa, na bayar har tsofaffin linzamai. Takalman Gaddi kawai na cusa cikin rufin shago. Kada a tambaye ni dalili, ban sani ba. Hogla ta rasu a wata na huɗu. Na binne ta bayan ganuwa ta ciki, na dawo na ci gaba da ɗinke ɗamarar wani soja wanda shi ma ya mutu kafin ya karɓa. Annabawan teburin Zakkur, tun wata na biyu ba a ƙara jin bakinsu ba.

Da aka buɗe musu ƙofa, Kaldiyawa ba su yi kisa da yawa ba, don ba sauran wanda zai ɗaga sanda. Tafintansu ya yi shela cewa gobe da safe kowa ya fito masussuka a tantance. Wani da ya gudo daga garin da aka ci kafin namu ya ce ya ga yadda suke yi: manya da masu hali ana ɗaure su a igiya sai Babila, bayi da talakawa ana barinsu su kula da gonaki.

Da tsakar ranar nan duk wanda ya rage da rai yana zaune a inuwar zauren ƙofa, don nan ne kawai da sauran rufi. Gaddi yana jingine da bango, Nedabiya yana kusa da shi, ga dattawa biyu da suka saura. Sai ga wani dogon mutum cikin tsummar rigar bara, an datse masa gemu da wuƙa, ya shafe fuska da toka. Sai da ya tsuguna a bakin shagona na gane shi.

"Akbor."

"Ranka ya daɗe. Kwalliyar ta karɓe ka."

"Bar wasa. Basillarka tana nan?"

"Ita kaɗai ba ta dafuwa."

Ya matso, ya nuna kunnensa. Na daɗe ina kallonsa. Yunwa ta sa komai sai ya yi jinkiri kafin ya iso kaina.

Na ce, "Sabon rauni ba ya ɓuya."

"Ka shafa toka. Ka san aikinka."

"Na sani. Shi ya sa ba na huda kunnen da ba shi da ubangida."

"Wace doka ta rage, Ɓera? Garin ya faɗi."

"In suka tambaye ka bawan wa, me za ka ce? Bawa ba ubangida ai gudajje ne. Kai ka sha yanke wa gudaddu hukunci, ka fi ni sanin abin da ake yi musu."

Ba tuba na yi ba, kada a ba ni abin da ba nawa ba. Tuba ma tana son ƙarfi. Ina jin so na yi in ga an yi aikin nan a kan ka'ida sau ɗaya kafin in mutu.

Zakkur ya duba zauren. Dattawan biyu su ma igiya ke jiransu. Idonsa ya tsaya kan Gaddi.

"Gaddiyel, ɗana."

Gaddi bai motsa ba. "Na'am, maigida."

"Ka ji abin da ake ciki. Na kwana ɗaya ne, har su wuce."

"Ni bawa ne. Bawa ba ya da bawa."

"Na 'yanta ka."

Na ce, "A gaban dattawa ake faɗa, ranka ya daɗe. Ga su nan, ko da yake sun rame."

Ya juya ya faɗa a gabansu, ya ambaci sunan Gaddi da na ubansa, ya ce ya fita, ba wanda ke da iko da shi. Dattawan suka ce sun shaida. Shekara goma ke nan da shigarsa gidan. Na zuba wa Gaddi ido in ga abin da fuskarsa za ta yi. Ba ta yi komai ba.

Ya ce, "Tunkiya da hatsi fa?"

Ɗaya daga cikin dattawan ya yi wani sauti, ban san ko dariya ce ko tari ba.

Zakkur ya ce, "Ka san babu."

"To a bar shi. Amma ba ni da ƙofa. A ina za a huda ka?"

"Gidan naka ne. Ku shaida, na ba shi."

Muka tashi muka tafi, mu shida, muna tafiya kamar masu rakiyar gawa. Ƙofar gidan an daɗe da ƙona ta. Madogarin yana tsaye, ba itacen rimi ba ne, wani baƙin itace ne mai tauri da gatarin mai yunwa ya kasa. Zakkur ya tsaya a jikinsa. Ya fi duk bayinsa tsawo, kunnensa ya faɗa sama da kowane rami, kan itace mai lafiya. Dattijo ya yi masa tambayar. Ya motsa leɓe, wani abu ya fito wanda bai kai magana ba.

Gaddi ya ce, "Ban ji ba. Ɓera, kai ne kusa da shi."

Na tsaya riƙe da basilla ina jira. Zakkur ya faɗa da ƙarfi, har muryar ta amsa a cikin gidan da ba kowa: Gaddiyel ne ubangidansa, shi yake so, ba inda za shi.

Na ce, "Ya ce ubangidansa yake so."

Babu mai, da yawu na jiƙa basillar. Na buga sau ɗaya. Na tsinko zare daga bakin rigata, Nedabiya ya kakkaɓe gindin jakarsa ya samo mini ɗan gishiri. Na cusa, na shafa toka a kai. Zakkur ne mutum na biyu da ya faɗa da bakinsa.

Da muke komowa na ce wa Nedabiya, "Ga hudarka ta ƙarshe, annabi. Hankalinka ya kwanta?"

Ya ce, "Da ma a ce ƙarya na yi, Ɓera. Da yanzu ina hanya da jakunana."

Washegari aka tara mu a masussuka. Babban Bakaldiyen yana zaune kan kujera, ga magatakarda a gefensa, ga tafinta, wani mutumin arewa mai jin harshenmu sama-sama. Layi na matsowa na hango kunnuwansu. Zoben zinariya ne a kunnen babban, dama da hagu. Magatakardan ma haka. Har wasu sojojin. A wajensu hudar kunne ado ce ta manya. Mu ne kawai, a 'yar ƙasarmu, muka ɗauka duk duniya ta san ma'anar rami a kunnen namiji. Ba kunne suke dubawa ba. Tafin hannu suke juyawa.

Zakkur yana gabana. Ya sunkuya ya nuna kunnensa ya ce wa tafinta, "Faɗa masa ni bawa ne. Ga shaida, ga ubangidana can." Ya yi ta bayani, ya kawo doka, ya kawo shekaru. Tafintan ya juya ya faɗi kalma uku ko huɗu. Me ya ce, oho. Babban ya yi dariya ya taɓa zoben kunnensa, sa'an nan ya kamo hannun Zakkur ya juya, ya danna tafin da babban yatsa yadda mace ke gwada gurasa. Wata biyar na yunwa bai sa wa hannun nan kanta ko ɗaya ba. Ya nuna igiya.

Da aka zo kaina suka ga yatsuna baƙi ƙirin, suka lalubo basilla a ɗamarata. Wani soja ya kawo tsinkakken linzami ya jefa mini. Wautar da na yi ke nan: na ɗinke shi da kyau. Hannu ne ya yi abin da ya saba, kai bai sani ba. Babban ya ja linzamin bai tsinke ba, ya gyaɗa kai, ya nuna igiya. Ashe masu sana'a ma suna so.

Nedabiya gishiri ya tsattsage masa hannu, aka tura shi gefe. Gaddi kuwa hannunsa kamar kofato, ko juyawa ba su gama yi ba suka ce ya tafi.

Da ma na zo da takalman a wuyana, cikin riga. Na kira shi, ya zo har bakin igiya, na miƙa masa. Sun bushe sun ƙage kamar itace. Ya gwada ɗaya, ƙafarsa ta kumbura, bai shiga ba.

Na ce, "Ka jiƙa su da mai, za su saki."

"Ina man?"

"Ko ruwa."

Ya rataye su a wuya. Zakkur, wanda aka ɗaure dab da ni, ya kamo bakin rigarsa.

"Ubangidana, ka faɗa musu ni naka ne."

Na ɗauka Gaddi zai fizge ya wuce. Sai ya koma wurin tafintan ya tsaya ya ce mutumin can nasa ne, jiya aka huda shi a ƙofarsa gaban shaidu. Tafintan bai ko ɗago ba, wani soja ya tunkuɗe shi da gindin mashi. Ya dawo.

"Na faɗa. Ba su ji ba."

Ya juya ya bi hanyar tudu. Igiyarmu ba ta tashi ba sai da rana ta yi sama, don haka na daɗe ina ganinsa yana hawa, ba takalmi, takalma a wuya, har ya sha kwanar da ke kaiwa Gibat. Bai waiwayo ba.

Zakkur ya kai Babila da rai, ya yi shekara tara. Aka zaunar da mu a bakin wani magudanar ruwa, mutanenmu suka sake naɗa dattawa, suka sami dakali a gindin dabino. Ranar farko ya je zai zauna, wani tsohon da ya taɓa shan hukuncinsa ya ce bawa ba ya zama cikin dattawa. Zakkur ya ce dabara ce ta kwana ɗaya. Suka ce akwai shaidu biyu a nan, ga kuma mai basilla. Aka tambaye ni, na faɗi abin da na ji. Ya tara gashi ya rufe kunnen, bai hana komai ba. Ya zare ulun tun a hanya don hudar ta toshe, ba ta toshe ba. Sau ɗaya ya zo ya ce in ɗinke masa. Na ce sai da izinin ubangidansa, ubangidan kuwa yana tafiyar wata huɗu daga nan. Daga baya shi ke ɗebo mini ruwan jima, ina ba shi gurasa. Ba mu taɓa yin zancen Bet-Eshel ba. Ni na wanke gawarsa.

Shekarun baya wani mai kawo wasiƙu ya zo daga ƙasarmu. Na tambaye shi Nedabiya, bai san shi ba. Na tambaye shi Gibat, ya ce kango ne, amma akwai gona ɗaya a gefen tudu da ake sarewa ana gyarawa, ya sayi zabibi a hannun mai ita, wani tsoho marar magana. Na ce me ke ƙafarsa? Ya ce shi bai duba ƙafar mutum ba.

Idona ya yi rauni yanzu, na bar ɗinkin linzami. Abin da nake ci da shi, matan Babila ke kawo mini 'ya'yansu mata in huda musu kunne, sun ce hannuna ba ya sa ruɓa. Suna zuwa da zobba a ƙulle cikin ƙyalle, suna dariya. Nakan tambayi yarinya ko tana so, in tsaya sai ta amsa. Uwayen sukan ƙosa, su ce tsoho yi sauri mana, rana tana yi.